Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Kalori Nawa Mai Son Rage Ƙiba Zai Ci a Rana?

Akwai labarin da na sha ji daga bakin maza da mata, har na haddace yadda yake tafiya. Mutum ya je asibiti an ce jininsa ya hau, ko an ce suga ya fara leƙowa, likita ya ce ya rage ƙiba. Ya dawo gida da zafinsa ya yanke wa kansa hukunci: babu karin kumallo, da rana kokwamba da ruwan ɗumi, da dare shayi ba suga. Kwana uku na farko yana jin kansa sakayau, sikeli ma ya nuna kilo biyu sun tafi. Ranar ta biyar sai ciwon kai. In ya ɗago daga ruku'u jiri ya ɗebe shi, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. Kafin mako biyu ya cika an gayyace shi suna ko walima, ya zauna gaban tire ya rama duk abin da ya bari. Bayan wata guda nauyin ya dawo, wani lokaci har da riba. Daga nan sai ya ce jikinsa ne ba ya jin magana, ko ya riƙa zargin kansa da rashin haƙuri.

Haƙurinsa bai gaza ba, lissafin ne ya karkace tun daga tushe. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce, wane ne mafi ƙarancin abincin da zan iya jurewa? Tambayar da ta dace kuwa ita ce, wane ne mafi yawan abincin da zan ci, amma duk da haka nauyina ya riƙa sauka sannu a hankali? Wannan sharhi kan amsar tambaya ta biyu yake.

Na san maganar rage ci tana da nauyin faɗa a ƙasar da gidaje da yawa ba sa ɗora tukunya sau uku a rana, kuma a al'adarmu in mutum ya yi teɓa cewa ake yi ya samu duniya. Amma matsalolin biyu suna zaune a gari ɗaya, wani lokaci a layi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima. Duk wanda ya zauna a layin masu hawan jini da ciwon suga a asibitocin Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san rabonmu yana ciki.

Ina kalori take tafiya?

Kalori ma'auni ne na kuzari, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Wadda ake rubutawa a jikin kwalin abinci ita ce yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin sinadarai na Amurka, Wilbur Atwater, ya fitar da ƙiyasin da har yau ake aiki da shi: giram ɗaya na abinci mai sitaci ko suga yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da 9. A riƙe wannan taran, za mu dawo kanta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan kuzarin da jiki ke ƙonawa ba a wajen aiki yake tafiya ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 yana tafiya ne ko da mutum kwance ya wuni: zuciya na bugawa, huhu na numfashi, hanta da ƙoda na aikinsu, jiki na riƙe ɗuminsa. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Narkar da abincin kansa yana cin kusan kashi 10 cikin 100. Ragowar ne na zirga-zirga da aiki da motsa jiki. Saboda haka wanda ya yanke abincinsa ƙasa sosai, gaɓoɓin da ba sa hutawa ya tauye wa haƙƙi, kuma ta hanyar jiri da kasala da ciwon kai suke kai ƙara.

Yadda ake lissafin

An saba cewa mace tana bukatar kalori 2,000 a rana, namiji 2,500. Wannan matsakaicin ƙiyasi ne na jama'a gaba ɗaya, kamar rigar da aka ɗinka ba a gwada mai ita ba. Mai son nasa adadin yana iya amfani da lissafin da Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu suka wallafa a 1990, wanda masana abinci suka fi dogara da shi a yau. Ga yadda yake: a ninka nauyin jiki na kilo sau 10, a ninka tsayi na santimita sau 6.25, a haɗa su, sannan a cire shekarun haihuwa da aka ninka sau 5. Namiji ya ƙara 5 a kan abin da ya samu, mace ta cire 161.

Mu ɗauki misalin mace mai shekara 35, nauyinta kilo 85, tsayinta santimita 162. Lissafin zai ba da kusan 1,530. Wannan shi ne abin da jikinta ke ƙonawa ko da ba ta tashi daga kan gado ba. Sai a ninka shi gwargwadon motsin mutum: 1.2 ga wanda wuninsa a zaune yake, 1.375 ga mai ɗan kai-komo, 1.55 ga mai motsi sosai, 1.725 ga mai aikin ƙarfi. In matar nan tana hidimar gida da ɗan fita kasuwa ko makaranta, bukatarta ta kai kusan 2,100 a rana. A kan wannan adadin nauyinta zai tsaya inda yake.

Namiji mai shekara 45, kilo 95, santimita 175, nasa na kwance kusan 1,820 ne. In ɗan kasuwa ne da ke wuni zaune a shago a Kantin Kwari, mota ta kai shi ta dawo da shi, bukatarsa ba ta wuce 2,200 ba. In kuwa manomi ne a tsakiyar damina ko mai dako, tana haura 3,100. Jiki iri ɗaya, shekaru ɗaya, amma tazarar ta kusa kalori dubu. Shi ya sa aron adadin wani, ko na aboki ko na wata mai tallan rage ƙiba a TikTok, yake jefa mutane cikin wahala.

Nawa za a rage?

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar rage kimanin 600 a rana, da nufin saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ga mai ƙaramin jiki ko wanda ba ya yawan motsi, 600 tana iya yin yawa. Abin da ya fi sauƙin ɗauka shi ne a rage kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na bukatar mutum. Matar misalinmu sai ta koma kusan 1,700, ɗan kasuwan kuma kusan 1,800. Da wannan za su riƙa sauke kilo ɗaya da rabi ko biyu a wata, suna aikinsu, suna sallarsu a tsaye, ba wanda zai gane suna wani shiri sai in an ga riga ta fara yin yawa.

Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa sai da likita. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada mace ta sauka ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, domin ƙasa da haka da wuya abinci ya wadatar da jiki da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin. Gaskiya ne akwai tsarin da ake saukar da mutum zuwa kalori 800 ko kusa da haka. Wani bincike da jami'o'in Glasgow da Newcastle suka jagoranta, aka wallafa a 2017, ya ɗora masu ciwon suga nau'i na biyu a kan kusan kalori 850 na watanni uku zuwa biyar, kuma kusan rabinsu ciwon ya kwanta bayan shekara guda. Sai dai an yi hakan ne da abinci na musamman da aka haɗa masa duk sinadaran da jiki ke bukata, ma'aikatan lafiya na sa ido, an kuma daidaita musu magunguna tun ranar farko. Magani ne na asibiti, kuma mai kwaikwayonsa a gida da kokwamba da ruwan lemon tsami yana wasa da lafiyarsa.

Abin da yunwa ke yi wa jiki

A shekarun 1944 da 1945, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya tara samari 36 da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, suka yarda a gwada yunwa a kansu domin a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya galabaitar. Da farko suna cin kusan kalori 3,200 a rana. Sai aka mayar da su kusan 1,570 na tsawon mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa mai yawa. Sun rasa kusan kwata na nauyinsu. Suka zama masu jin sanyi, masu kasala da saurin fushi, bugun zuciyarsu ya ragu, hirarsu da mafarkinsu duk na abinci ne, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sake su, da yawa sun kasa riƙe cinsu na tsawon lokaci. Samarin nan ba masu ƙiba ba ne, don haka ba komai nasu zai hau kan mai teɓa ba. Amma darasin a fili yake: 1,570 a kan kanta ba yunwa ba ce, abin da ya karya su shi ne rabin bukatarsu ce.

Jiki ba ya bambance niyyar rage ƙiba da fari. In kitse ya ragu, sinadarin leftin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya yana raguwa, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana ƙaruwa, jiki kuma ya fara tsumulmular kuzari. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun bi sawun mutum 14 da suka shiga gasar talabijin ta rage ƙiba mai suna The Biggest Loser, inda ake zubar da kilo masu yawa cikin watanni kaɗan. Bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girmansu. Ban da wannan, ramewar gaggawa tana cin tsoka tare da kitse, tana zubar da gashi, tana rikita al'adar mata, tana kuma ƙara haɗarin tsakuwa a matsarmama.

Ina kalori ta ɓuya a kwanonmu?

Yawancin manhajojin ƙirga kalori da ke waya ba su san malmalar tuwo ko ludayin fura ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kundin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012 ta sabunta shi a 2019, amma ba kowa ne zai zauna da sikelin kicin yana auna miyar kuka ba. Ga shi kuma a gidaje da yawa a tire ɗaya ake ci, ba wanda ya san loma nawa ya kai. Ko masu ƙirgawar ma suna kuskure: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya gano masu cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa suna cin kusan ninki biyu na abin da suke faɗa, ba da niyyar ƙarya ba, ido ne ke yaudara.

Saboda haka ya fi amfani mutum ya san wurare kaɗan da kalori ke taruwa. Na farko mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kalori kusan 120. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da kusan 130. Ke nan cokali uku na man da ake kwararawa a kan garau-garau ko ɗan wake ya kusa kamo shinkafar da ke farantin, kuma ba ya ƙara ƙoshi ko kaɗan. Haka doya da dankali da ƙosai da awara suke shanye mai in an soya su. Na biyu suga. Ƙaramin cokali ɗaya kalori 16 ne, wanda ke zuba uku a shayi safe da dare ya sha kusan 100, ban da madara. Lemon kwalba na roba mai rabin lita yakan kai kusan 200. Zoɓo da kunun aya da fura da nono in an cika musu suga su ma hanyar suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zai fi kyau sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin ƙananan cokula shida a rana, lemo guda kuwa ya ninka haka. Ba banza ba Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

A nan sauƙin yake. Matar misalinmu kalori 400 take bukatar ragewa. In ta bar lemon da take sha kullum, ta kuma rage cokali biyu na mai daga abincinta na yini, ta rage 440, ba ta taɓa tuwonta ba, ba ta tsallake karin kumallo ba. Wanda ba ya shan lemo sai ya duba biredi da bota, ko soye-soyen dare, ko malmala ta biyu. Dabara mai amfani ita ce mutum ya ɗebi nasa a kwano daban, ya ga iyakarsa da idonsa, mai kuma a auna shi da cokali maimakon a tuttula daga galan.

Abin da ke riƙe ciki

Kalori 1,700 tana iya zama azaba, tana kuma iya zama wadata, ya danganta da abin da aka cika ta da shi. Furotin ya fi komai riƙe ciki da kare tsoka, kuma muna da shi a araha: wake, alale, ƙwai dafaffe wanda bai wuce kalori 80 ba, kifi, nono marar suga, awarar da ba a soya ba, tsire ko balangu marar kitse. A tabbata kowane cin abinci akwai ɗaya daga ciki. Sai ganye da kayan lambu, waɗanda suke cika tumbi da kalori kaɗan: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo, karas. Kwaɗon zogale abinci ne na ƙwarai, a dai lura da yawan ƙuli da mai. Hatsin da ba a surfe dusarsa duka ba, kamar gero da dawa da acca, ya fi farar fulawa daɗewa a ciki. Gyaɗa tana da amfani amma giram 100 ya haura kalori 550, cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Ruwa ma yana cikin lissafi. A zafin Maris da Afrilu, jirin da mutum ke ɗora wa yunwa sau da yawa ƙishi ne. Barci haka: wanda ya kwana yana latsa waya washegari yunwarsa da kwaɗayin zaƙinsa sun fi yawa. Motsa jiki yana da muhimmanci ga zuciya da suga da tsoka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, sai dai tafiyar rabin awa ba ta cika ƙona lemo guda ba. Don haka kada a yi tafiya a ce an samu lasisin ƙari.

Masu tambaya kan azumi su sani cewa jimillar abin da ya shiga ciki ita ce ke hukunci. Mutane da yawa suna fita Ramadan da ƙarin nauyi saboda abin da ke kan tabarmar buɗa-baki. Sanannen hadisin da ya koyar da raba ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ma'auni ne da ke aiki a watan azumi da sauran watanni. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa kuwa, da yawansa filasko ne ko wani abin sa fitsari. Ruwa da bayan gida yake fitarwa, kitsen yana nan, mai sha kuma ya ƙare da murɗar ciki da kasala.

Sikeli da gyaran lissafi

Duk adadin da lissafi ya bayar ƙiyasi ne, yana iya saɓa wa gaskiyar jikin mutum da ɗari biyu ko fiye. Jiki ne alƙali. A hau sikeli ɗaya, da safe bayan an zaga, sau biyu ko uku a mako, a duba inda abin ya dosa cikin mako uku ko huɗu. Kilo biyun da ke tafiya a makon farko yawancinsu ruwa ne, domin sitacin da hanta da tsoka ke ajiyewa kowane giram yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Gishiri da lokacin al'ada su ma suna ɗaga sikeli na 'yan kwanaki. Tef ɗin tela yana taimakawa: ana so kewayen ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsayin mutum.

In wata ya wuce babu sauyi, a rage 100 ko 150. In nauyi yana zuba fiye da kilo ɗaya a mako bayan makonnin farko, ko ana fama da jiri da rawar jiki da rashin barci, a ƙara 150 ko 200, wannan gyara ne, ba faɗuwa ba. Kuma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: matar misalinmu in ta sauke kilo 8, bukatarta ta ragu da kusan 110 a rana, shi ya sa saukar ke yin sanyi bayan watanni.

Ba sai an koma jikin ƙuruciya ake samun riba ba. Wani babban bincike a Amurka mai mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, ya sa wa wasu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, kilo shida ke nan kacal.

Waɗanda za su fara ganin likita

Mai ciki ba ta shiga wannan lissafi, mai shayarwa ma bukatarta ta fi ta sauran mata. Yara da matasan da ke girma ba a ɗora su a kan ƙirgar kalori. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan magani irin gilibenkilamaid, in ya rage ci ba a rage maganin ba sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan maganin hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai gyambon ciki, da tsofaffi, duk su nemi shawara tukuna. Wanda tunanin abinci ya mamaye shi, ko yake janyo amai bayan ya ci, taimako yake bukata da gaggawa. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya rage ci ba, kada ya yi murna, ya je a duba shi, domin tarin fuka da ciwon suga da wasu cututtuka haka suke sallama. Suma, ciwon ƙirji, bugun zuciya marar tsari, ko ɗaukewar al'ada, kowannensu dalili ne na dakatawa a tafi asibiti.

Ƙibar da ta taru cikin shekara goma ba za ta bar jiki cikin wata guda ba, kuma mai rage ta yana da aiki da iyali da ibada da ke jiran ƙarfinsa kowace safiya. Adadin da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya rayuwa a kansa wata shida kana noma ko ciniki ko koyarwa, kana dariya da 'ya'yanka, kana tashi daga sujada ba ka dafa bango ba. Ka ci ka ƙoshi daidai gwargwado, ka auna manka, ka bar lemon, ka ba jikinka lokaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.